Harafin Wutsiya

'Yar Ruwa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa daga tudu zuwa tsakiyar teku, da fatan har yanzu kifaye ba su gane ke ba tasu ba ce. Mu nan lafiya, sai godiya. Goggo, wato uwar da kika bari kika bi jirgin ruwa, tana fama da gwiwa amma bakin nan garau yake. Ta ce in tambaye ki, wayar intanet ɗin da kuke shimfiɗawa a ƙasan ruwa, yaushe za ta kai inda za ki riƙa kiranta. Maiɗakina ma lafiya. Cikin ya fito sosai, har keken ɗinki ya fara yi mata nisa. Kin san shekarun da muka yi muna jiran wannan ciki, ba sai na faɗa miki ba.

Za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna. Maiɗakina ce za ta ɗauki hotonsa ta turo miki, ki gani duk ranar da jirginku ya kusa gaɓa wayarki ta farfaɗo. Na rubuta ne don ba zan iya faɗa ba, kuma ba kunya nake nufi ba.

Muryata ta daɗe da dishewa. Na ɗora wa hayaƙin tasharmu ta jirgin ƙasa laifi, na yi ta shan ruwan ɗumi. Ƙarshe dai likita ya zura mini wani siririn bututu mai fitila ta hanci, ya daɗe yana kallon allonsa. Tsiro ne a maƙogwaro. Za su cire wurin da murya take fitowa gaba ɗayansa. Ya ce zan rayu da yardar Allah, zan ci, zan sha, maganar ce dai sai an yi wata dabara. Sun sa ranar tiyata, kuma ta riga ranar haihuwa.

Har yanzu ina hawa ɗakin sanarwa kowace safiya. Ina zama gefen taga, ina miƙa wa sabuwar ma'aikaciya takardun jirage, ita kuma tana faɗa a makirfona. Yarinyar kirki ce, amma haɗiye ƙarshen kalma take yi. Ina kallon fasinjoji suna ɗaga kai suna tambayar juna me aka ce.

Ga abin da ya kawo ni. Wata nas ta gaya mini ana iya ajiye muryar mutum a kwamfuta, daga baya ya rubuta, ita ta faɗa da muryarsa. Ina so ɗana ko 'yata su ji ni. Ba na so su tashi su san ubansu da alli da allo kawai. Ke ce mai kula da kwamfutocin jirginku, ki gaya mini abin da zan saya in haɗa. Wani mai sayar da kaya a wani gari, da nake magana da shi a rubuce, ya ce yana da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, i7-4770, wai ya fi i5 tunda bakwai ta fi biyar. Wannan lissafin ko ni na iya shi.

Taubashinki,
wanda kike kira Malam F tun ranar da kika ga sakamakon lissafinsa.

*

Malam F,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarka muna shiga gaɓa don ɗaukar mai da abinci. Lafiyata ƙalau, in ban da fatar hannu da ruwan gishiri ya cinye. Ka gaishe da Goggo, ka ce mata wayar ta kai ko'ina in ban da ɗakin kwananmu. Ka gaishe da Yaya da abin da ke cikinta.

Na karanta a tsaye, na koma na zauna na sake karantawa. Na yi kuka, kuma in ka gaya wa wani zan ƙaryata ka. Muryar da ta hana mu barcin rana tun muna yara, ban taɓa zaton zan ji tsoron rasa ta ba.

Abin da nas ta faɗa gaskiya ne, ana yi. Amma ka ji wannan kafin komai: ka fara ɗaukar muryarka yau a wayar Yaya. Ka shiga ɗakin ɗinki, yadduka suna shanye amsa-kuwwa, ka rufe ƙofa ka yi ta karatu. Kwamfuta za ta zo daga baya.

Yanzu lambobi. Ka rabu da mai bakwai ta fi biyar. i3, i5, i7 matsayi ne a cikin gida ɗaya, ba su gaya maka shekaru ba. Shekarun suna cikin lambar da ke biye. A 4770, huɗun farko ita ce tsara, wato tsara ta huɗu, tsoho ne tukuf. Ka tuna tsohon jirgin tasharku da har yau kuke kira mai sauri alhali keke yana wuce shi a hawa? Shi ke nan. Wanda nake so ka saya shi ne i5-12400. Sha biyun farko tsara ce, ɗari huɗun kuma matsayinsa a cikin tsararsa. Wannan i5 ɗin zai yi wa wancan i7 ɗin fintinkau. Na zana maka sauran kayan a bayan takarda, da inda kowane yake shiga a jikin madabod, wato babban farantin da ake dasa komai a kansa.

Katin hoto kuwa, wato ɓangaren kwamfuta mai aika hoto zuwa allo, kada ka saya. Shi ne zai yi aikin koyon muryar, kuma ina da shi a akwatina, 3060. Nan ma karatun ɗaya ne: talatin tsara, sittin matsayi. Mai kayanka zai ce maka 4060 ya fi shi sabunta, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai nawa yana da ma'ajiya giga sha biyu, wancan takwas, aikin murya kuwa wurin ajiya yake ci. Injiniyanmu zai tafi hutu, zai bi ta garinku ya kawo maka. Kafin ya iso, furosesan da kansa zai nuna maka hoto a allo, ka yi ta ɗaukar murya da makirfo mai kyau kana gyarawa. In katin ya zo, mu koya wa injin, ka saurara, duk harafin da bai fita ba ka sake faɗa masa tun kana iyawa. Waɗannan injina ɓ da ɗ da ƙ suna ba su wahala.

Ana busa mana ƙaho, za a janye tsani. Saura bayanin haruffan da suke zuwa a wutsiyar lamba, K da F da sauransu, sai wasiƙa ta gaba. Kai dai ka yi nesa da F, ko da yake na san ku aminai ne tun aji uku, rabuwa za ta yi wuya.

Za mu shiga ruwa mai nisa, za ka daɗe ba ka ji ni ba.

Uwar ɗakinka,
'Yar Ruwa.

*

'Yar Ruwa,

Sallama da gaisuwa. Uwar ɗakin wa? Allah ya kyauta. Muna lafiya. Goggo ta ji saƙonki ta ce Allah ya shirya. Maiɗakina ta fara ɗinka 'yan riguna, farare duka, wai ba ta son ta yi wa Allah shisshigi.

Karatunki ya shige ni. Na rubuta wa mai kaya cewa tsara ta huɗu sai gidan tarihi, ya turo mini hoton dariya ya ce wa ya koya mini. Yanzu ko a tasha, in na ga lamba sai in raba ta biyu, tsara da matsayi. Ashe lissafi ba shi da wuya, malamin ne bai iya koyarwa ba.

Maganar waya kuwa, a'a. Na gwada sau ɗaya, na saurara, na goge. Wani tsoho na ji yana magana daga cikin gwangwani. Shekara da shekaru mutane suna tsayar da tafiya su saurare ni, ba zan bar wa ɗana wannan ba. Kin san ni ko saƙon murya ban taɓa tura wa kowa ba, ni da ake biya in yi magana. Na sayi makirfo na gaske, yana nan a kwalinsa kan teburin yanka. Da safe muryar tana buɗewa na ɗan lokaci kafin ta koma. Wannan ɗan lokacin nake tanadi, ina yin shiru da rana don in same shi.

Kaya sun iso da motar haya. Mai kaya ya ce 12400 ya ƙare, amma akwai 12400F. Ya tambaye ni ko ina da katin hoto, na ce ina da shi, yana hanya. Ya ce to abu ɗaya ne, aikinsu ɗaya, har ya ɗan fi sauƙi. Na tuna gorin da kika yi mini a ƙarshen wasiƙa, na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ko a teku ba za ki bar mutum ya huta ba. A tasharmu harafin da ke bayan lambar jirgi dandamali kawai yake nunawa, jirgin shi ne dai jirgin. Don haka na karɓi aminina, ga shi zaune cikin madabod, F ɗinsa a wutsiya. In kin dawo ki zo ku gaisa.

Gobe zan ɗaura sauran, in kunna. Na riga na zaɓi abin da zan fara karantawa, amma ba zan gaya miki ba.

Injiniyanku bai iso ba tukuna.

Malam F, da takardar shaida.

*

'Yar Ruwa,

Gaisuwa. Na san ba ki ga ta baya ba, wannan za ta tarar da ita. Goggo lafiya. Maiɗakina ƙafafunta sun kumbura, an ce ba komai. Ni kuwa ga ni nan.

Na haɗa komai yadda kika zana. Na danna. Fanka ta juya, 'yar fitila ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Na kashe, na cire, na mayar. Na canza wayar allo. Na ari allon maƙwabcinmu mai wankin hoto, shi ma baƙi. Injin yana numfashi, amma ba ya cewa komai. Na zauna ina kallonsa, ban ji daɗin kamar da muka yi ba.

Ina zargin hannuna. Lokacin da nake ɗaura madabod sukudireba ta zame mini ta karce shi kaɗan a gefe. Mai gyaran waya na bakin tasha ya duba ya ce lallai nan ne. Na naɗe shi na mayar wa mai kaya da motar haya, ya ce zai gwada, in nasa ne laifin zai canza. Ban ce masa komai kan katin ba, shi ma bai tambaya ba. Yanzu akwatin yana kan teburin yanka a buɗe, wayoyi sun zubo waje. Maiɗakina tana yanka a ƙasa kan tabarma da wannan ciki.

Ta sake kawo maganar waya. Na yi mata tsawa, ko in ce na yi niyya. Abin da ya fito bai kai tsawa ba, kuma na ga fuskarta lokacin da ta ji. Na ce mata madabod zai dawo, saura ƙiris.

Ɗan lokacin nan na safe ya fara gajarta. Shekaranjiya na farka na gwada sallama, iska ce kawai ta fito, sai da na yi ta kakari. Akwai kuma wani ɗan fito da nake ji idan na ja numfashi, musamman a matakalar ɗakin sanarwa. Na daina hawa. Ina zama a benci tare da fasinjoji, ina jin yarinyar nan tana haɗiye sunayen garuruwa. Da na koma asibiti likita ya sa abin sauraronsa a wuyana, ba a ƙirji ba, ya daɗe. Ya tambayi maiɗakina nisan gidanmu da asibiti, da ko muna da mai mota a kusa. Bai canza ranar ba. Amma ban so tambayar ba.

Ina jin tsoro, taubashiya. Na rubuta ne don ke kaɗai ce za ki karanta wannan ki yi mini dariya, in ji sauƙi.

Me na yi ba daidai ba? Injiniyanku har yau shiru.

Ni ne.

*

Yayana,

Wasiƙunka biyu sun shigo tare yanzun nan, muna hango fitilun gaɓa. Ban tsaya gaisuwa ba, ka yafe.

Madabod ɗinka lafiyarsa ƙalau. Hannunka bai ɓata komai ba. F ɗin ne. Furosesa mai F a wutsiya ba shi da sashen nuna hoto a cikinsa, ba zai taɓa haska allo ba sai an sa masa katin hoto. Mai kaya bai cuce ka ba, ya tambaye ka kati ka ce akwai. Wanda na ce ka saya, marar harafi, shi ne zai nuna hoto da kansa kafin katina ya iso. Abin da nake nufi ke nan da ka yi nesa da F.

Ba wasa nake yi ba a wannan layin. Na sake karanta abin da na rubuta, na ga ko ni ce kai dariya zan yi. Duk rayuwarmu ban taɓa gaya maka magana a miƙe ba, ta ina za ka gane ranar da na yi? Kalma biyar ta ishe ni in faɗi dalili, na ɓata su wajen tsokana.

Ga abin yi, kuma babu gori a ciki ko ɗaya. Ka karɓo madabod. Ka je wurin masu gyaran kwamfuta, ba masu gyaran waya ba, ka ari kowane katin hoto, ko tsoho ne, ko lambarsa ta fi kowace ƙanƙanta. Ka sa wayar allo a jikin katin, ba a jikin madabod ba. Zai haska.

Amma kafin ka fita daga gida, ka ɗauki wayar Yaya ka yi magana. Ko muryar gwangwani ce, ko dishasshiya ce, ina iya wanke ta. Abin da babu shi ne ba zan iya wankewa ba. Ka karanta komai, jarida, kwalin magani, sunayen tashoshi daga farkon layi zuwa ƙarshe. Ka kira sunan da kuka zaɓa wa yaron, na namiji da na mace. Yaya, in ke kika fara ganin wannan, ki kunna waya ki ajiye kusa da shi, kada ki nemi izininsa.

An ɗage hutun injiniya ne saboda wata waya da ta tsinke, sai yau zai sauka. Katin yana jakarsa, na sa shi ya rantse zai fara ta gidanku.

Fiton nan da kake ji, kada ka jira ranar da suka sa. Ka koma asibiti.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ni ce, matar yayanki. Ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki. Goggo tana gaishe ki, tana nan gidanmu tun da abin ya faru. Ni da cikin lafiya, yana motsi sosai, an ce lokaci ya kusa. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannuna ya fi sabawa da almakashi.

Yayanki yana raye, ki fara da wannan. An yi tiyata, likita ya ce sun cire abin duka.

Wasiƙarki ta shigo wayata ina zaune a barandar asibiti, shi yana ciki. Da safiyar ranar yana alwala numfashi ya tsaya masa. Maƙwabcinmu mai wankin hoto ne ya kai mu. Ba su jira ranar da suka sa ba, ba su ma jira la'asar ba. Kafin su tura shi ya kama hannuna yana motsa baki, na kai kunnena, ban ji komai ba. Na ce masa na ji.

Na karanta inda kika ce in kunna waya kada in nemi izininsa. Na daɗe ina kallon wurin. Tunanin ya zo mini tun kafin ki faɗa, ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa yi masa abu a ɓoye ba, kuma kullum cewa yake saura ƙiris.

Mun dawo gida. Yana da 'yar ƙofa a wuya da yake numfashi ta nan, na ɗinka masa ƙyallaye masu laushi na rufewa. Madabod ya dawo da 'yar takarda cewa ba a sami matsala ba. Injiniyanku ma ya zo, mutumin kirki, ya ƙi zama ya sha ko ruwa da ya ga halin da ake ciki. Ni na haɗa, da zanenki a gefe, yayanki yana nuna mini da yatsa. Na sa wayar allo a jikin katin yadda kika ce. Na danna, allon ya haska nan take.

Ya dube shi. Sai ya jawo kwalin makirfo, ya buɗe, ya ɗaura shi a kan sandar da ake kafa shi, ya daidaita shi daidai bakinsa kamar yadda yake yi a wurin aiki. Ya zauna a haka. Goggo ta tashi ta fita tsakar gida. Tun ranar, kowace safiya sai ya kunna ya zauna, ni kuma ina yanka a ƙasa.

Na ba shi wasiƙarki ya karanta. Ya rubuta a allonsa cewa in gaya miki kada ki ɗora wa kanki, wai F ɗin nasa ne tun asali. Kafaɗunsa suna rawa, ina jin dariya yake yi. Yanzu ba na iya bambancewa.

Na bincika ko'ina. Bidiyon aurenmu kiɗa ya rufe komai. A tasha sun ce ba sa ɗaukar sanarwa, ana faɗa ne ta wuce. Abu ɗaya na samu. Ranar da allon ya ƙi haskawa ya sa na ɗauki bidiyo don a tura wa mai kaya, ban goge ba. Bai kai minti ɗaya ba. Fuskarsa ba ta fito ba, sai hannunsa da akwatin. Ana jin ƙarar fanka, da wata mota a waje. Muryar a dishe take amma tasa ce. Yana cewa, "Ga fanka tana juyawa, ga fitila ta kama, allo kuwa shiru." Sai ya ɗaga kwali ya karanta lambar ɗaya bayan ɗaya, yadda yake karanta ta jirgi, bai haɗiye ko harafi ba. Daga nan ya ce mini, "Kashe, ya isa."

Na turo miki shi tare da wannan. Bai san na turo ba, shi ne abu na farko da na yi masa a ɓoye.

Ki saurara, ki gaya mini ko injin zai iya koyon mutum daga wannan. Ba na neman ya yi sanarwa. Ko sunan yaron kawai ya iya kira, sunan yana da ɗ a ciki, kuma na saurara sau da yawa ban ji ɗ a bidiyon ba sai a wuri ɗaya, inda yake karanta lamba.

Ki ba ni amsa a miƙe, ko wace iri ce. Ni ba taubashiyarki ba ce, duk abin da kika rubuta zan yarda da shi.

Yayarki.